Shekarar da Na Ƙi Buntar Kawunku Siddiƙ

Kun tashi kuna jin cewa ubanku ne ya hana Kawu Siddiƙ cin abinci a gidanmu na Alsawra. Hassan ya ji a bakin dangin uwarku, Mariyam ta ji a bakin Hassan, kafin labarin ya iso kunnen auta har an ƙara masa cewa na jefi mutumin da guduma. Ban jefi kowa ba. Gudumata ma ba ta taɓa tafiya a iska ba tun da aka ƙera ta. Yanzu da yaƙi ya warwatsa ku gari-gari, kawun naku kuma ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, bari in zauna in faɗa muku abin yadda ya faru, don kada ku ba jikokina ni a matsayin dodo.

A shekarar ce na bar warshar, wato shagon aikin ƙarfe, da nake wa aiki a unguwar masana'antu ta Omdurman, na kafa tawa a kusurwar tsakar gida, daidai inda kakarku take ɗaure awaki. Awakin ba su yafe mini ba har suka mutu. Kayana a lokacin ba su da yawa: injin huda ƙarfe na tsaye wanda na tabbata ya girmi 'yancin kan Sudan, da mangala ta matse aiki, da dutsen washi, sai gwangwanin madara guda da nake zuba bunta a ciki. Ku da kuka fi jin Larabci kun san sunan, amma ban tabbata kun san abin ba. Bunta ita ce murɗaɗɗen ƙarfen nan da ake ɗaura wa inji ya huda rami. Galawuz kuma shi ne wanda ake murzawa cikin ramin da hannu, ya yanke zaren da noti zai bi. Galawuz 'yan uwa uku ne: na fari mai tsinin baki shi ke buɗe hanya, na tsakiya ya bi sawunsa, na ƙarshe mai dunƙulen baki ya kai zaren har gindin rami. Buntocina baƙaƙe ne, gajeru saboda yawan washi, wasu sun koma kamar haƙoran tsohuwa. Amma kowace na san inda na same ta, na san halinta, na san ranar da take fushi.

Kun san ni da wasa. A gidan makoki ma sai an zaunar da ni nesa da liman. To amma da zarar an zo kan ƙarfe, ba na yarda da ko inuwata. Duk wanda ya miƙo mini bunta, abu na farko ba na kallon launinta, domin launi fenti ne, ko jaki aka shafa wa ruwan zinari zai yi ƙyalli. Ina ɗora ta a kan gilashi in mirgina. Mai gaskiya tana tafiya shiru, maƙaryaciya tana ɗingishi. Sai in duba bakinta, leɓɓan nan biyu su zama tsawo ɗaya. Daga nan in ɗauko magagari in goga a gefenta. In magagarin ya zame yana kuka, ƙarfe ne. In ya ci, to ƙusa ce aka murɗe aka sa mata kayan biki. 'Yan kasuwa sun tsane ni a kan wannan. Akwai wanda in ya hango ni da magagari a aljihun jallabiya sai ya tuna bai yi sallar azahar ba, ko da hantsi ne.

Ana nan sai Siddiƙ, yayan uwarku, ya dawo daga Jidda bayan shekaru masu yawa. Kun san yadda ake yi wa mugtarib, wanda ya daɗe yana aiki a waje. An yanka rago a gidansu na Kalakla, dangi sun cika ko'ina, kowa yana murna da baki, ido kuwa yana kan akwatuna. Ba a dawowa hannu rabbana. Kowane gida sai an ba shi nasa, kuma a gaban mutane ake bayarwa, a gaban mutane ake yabawa. Mata suka samu tob na yafawa da turare, tsofaffi suka samu carbi. Da aka zo kaina sai ya sa aka yi shiru, ya fito da wani jan akwatin ƙarfe, ya ɗora mini a cinya.

"Nasibi," in ji shi, haka yake kirana, wato surukina, "na ji ka buɗe warsha. Wannan aikin Jamus ne. Ka zubar da gwangwanin nan naka, ka daina ba mu kunya."

Na buɗe. Wallahi sai da ɗakin ya ƙara haske. Bunta jere daga mai kaurin gashi har mai kaurin babban yatsa, duk ruwan zinari, ga galawuz a kwance kowanne a gadonsa. Mutane suka yi ta mashaAllah. Ni ma na yi, har na fi kowa. Na ce da wannan akwati zan huda dutsen Karari in hango Masar ta ramin. Aka yi dariya, uwarku tana ta murmushi kamar ita ta haifi Jamus. Amma a cikin raksha, keken haya mai ƙafa uku, muna komawa gida, akwatin yana kan gwiwata, sai na ji bai kai nauyin da ya kamata ba. Na juya shi ta ko'ina ban ga sunan wata ƙasa ba. Bajamushe kuwa ko cokali ya ƙera sai ya rubuta sunan garinsu.

Da safe, bayan shayi, na jira uwarku ta shiga madafa toya kisra, na ɗauko gilashi. Buntar farko ta yi ɗingishi kamar ta dawo daga Hajji a ƙafa. Na goga magagari sau ɗaya, a hankali, ya shige ta kamar sabulu, ya bar farin tabo a gefe. Na mayar da ita gadonta, na juya tabon ƙasa.

Zargina na farko ya tafi kan 'yan kasuwar Jidda. Na ce sun ga baƙo sun yanke shi. Na zari wata buntar na sa a aljihu na nufi kasuwar Omdurman wurin Baba Tijani, tsohon nan mai sayar da kayan ƙarfe, jikan mutanen Kano ne kamarmu, shi kaɗai ne ba ya gudun magagarina. Na ajiye masa ita a kan tebur. Ya ɗaga tabarau ya dube ta, ya dube ni.

"Usman, kai da kanka? Ai na ɗauka ko kyauta aka ba ka irin wannan ba za ka karɓa ba."

"Kyautar ce, Baba. Daga Jidda."

"Daga Jidda." Ya yi dariya har da tari. "To Jiddar ta matso kusa. Jan akwati ne, marfinsa na hagu yana ɗan cijewa?"

Na ce haka ne.

"A can yake rataye, bakin ƙofa, tun bara. Masu gyaran gado da kujera nake ajiye wa irinsa, itace da gwangwani yana hudawa lafiya. Wani dogon mutum ya saya kwanan nan, da agogo a hannu amma agogon ba ya tafiya. Na ce masa ba na aikin ƙarfe ba ne. Ya ce in dai cire masa takardar shagona daga jiki."

Na ce masa bawan Allah, ban zo ba, ba ka gan ni ba. Ya ce shi dama idonsa ya yi rauni.

Daga ranar na zama ɗan sandan ciki. Duk inda Siddiƙ ya zauna ina kallonsa ta wutsiyar ido. Na lura in an tambaye shi yaushe zai koma sai ya tambayi lafiyar yara. Na lura wayarsa ba ta taɓa kuka da lambar waje ba. Na lura takalminsa sabo ne a sama, ƙasan kuwa an sake masa ɗinki. Mutumin nan aiki ya ƙare masa a can, ya dawo ba shi da komai sai sunan mugtarib, ya bi kasuwannin Omdurman ya haɗa tsarabar Jidda don kada a ce ɗan gidansu ya tafi ya dawo kamar yadda ya tafi. Na so in gaya wa uwarku, sai na ga yadda take ambaton yayanta kamar ana ambaton ruwan sama, na haɗiye. Na ɗora akwatin a kan kanta mafi tsawo, na ce in an tambaya ina jiran aikin da ya dace da shi.

Aikin kuwa ya zo, kuma ranar Juma'a ya zo, ranar da uwarku ta gayyaci Siddiƙ da 'yan uwansa cin abincin rana. Mun idar da salla ke nan sai ga wata tsohuwar mota a ƙofar gida, wani mutum siriri ya sauko yana rungume da kan injin ban ruwa a cikin buhu kamar mai ɗauke da jariri. Sunansa Malam Haruna. Daga yamma rikici ya koro su, ya samu wani fili a Jabal Awliya kusa da Farin Nilu yana noman albasa da kuɓewa, filin ba nasa ba, raba amfani suke da mai shi. Injin tsohon na Ingilishi ne mai silinda ɗaya, irin wanda ake jin bugunsa daga wancan ƙetaren. Noti ɗaya daga cikin masu riƙe kan injin ya karye a cikin raminsa, ya bar guntu a nutse. Babu inda za a samu wani kan irin wannan, masu ƙera shi jikokinsu ma sun tsufa.

"Usta," in ji shi, yadda ake kiran gwanin sana'a, "wurare biyu sun ce ba za su taɓa ba. Albasa ta fara kwantar da kai. Mai fili ya ce in ruwa bai hau ba a makon nan zai ba wani. Ina da yara a rumfa."

Bari in gaya muku abin da ke cikin wannan aiki. Guntun notin ƙarfe ne mai tauri, jikin injin kuma zubin ƙarfe ne mai taushi da saurin tsagewa. Dole a huda guntun daidai tsakiyarsa. In buntar ta yi laushi, ba za ta ci ba, sai ta yi zafi ta ƙara wa guntun tauri, sannan ta zame gefe ta faɗa cikin jikin injin inda ya fi mata sauƙi. In kuwa galawuz ya karye a ciki, to sai dai a yi wa injin salla. Dama ɗaya ce, babu ta biyu.

Ina cikin duba ramin sai na ji inuwa a kaina. Siddiƙ ne, da 'yan uwansa a baya, har da Bashir ɗan baffansu wanda shi ma ya taɓa zama a Jidda kuma ya san kowane lungu nata, ko aƙalla haka yake cewa.

"Alhamdu lillahi," in ji Siddiƙ. "Ga aikin da kake jira. Malam, ka yi sa'a, yau za a buɗe maka kayan Jamus. A sauko da akwatin."

Na fara neman hanyar gudu. Na ce ai injin Ingilishi ne, zarensa na inci ne, kayan Jamus kuwa na mili ne, ba sa shiga juna. Siddiƙ ya yi murmushi ya ɗaga tiren sama na akwatin, sai ga wani jeri a ƙasa, na inci. Ashe har wannan ya tambaya. Na ce kayan sun yi kyau da yawa, ba a fara su da tsohon inji mai tsatsa. Ya ce don aiki ya kawo su, ba don ado ba. Na ce a ci abinci tukuna. Bashir ya ce abinci bai sauka ba. Daga nan na koma ga Allah, na roƙe shi a zuci a ɗauke wuta. Ku shaida ne, wutar Alsawra ko atishawa ka yi da ƙarfi sai ta tafi. Ranar ta zauna daram kamar an ɗaura mata aure da gidanmu.

Na dubi Malam Haruna. Ya tsuguna a gefe, bai san komai ba, yana ta yi wa akwatin kallon girmamawa. Na dubi Siddiƙ. Da zan ce ƙarfen ba shi da kyau, Bashir zai yi tsalle ya ce wane shago ne a Jidda, a wace unguwa, ba ni sunansa in sa a kama shi. Tambaya uku ta isa ta tuɓe mutumin a gaban 'yan uwansa da baƙo. Da kuma zan ɗaura buntar don a zauna lafiya, albasar wani ce za ta biya, da rumfar yaransa. Na lalubi hanya ta uku ban samu ba sai guda: in zama jaki. Jaki ba a tambayarsa dalili.

Na jawo gwangwanin madarata na ajiye a kan benci da ƙara.

"Yaya Siddiƙ, ka yi haƙuri. Ni ba na aiki da abin da ban zaɓa da hannuna ba. Ko daga sama ya faɗo."

"A gaban mutane kake faɗa mini haka, nasibi?"

"A gaban kowa. Halina ne. Warshata ce."

Bashir ya ce wannan wulaƙanci ne, mutum ya ɗauko kaya tun daga ƙetaren teku. Wani ya ce dama an ce ina da girman kai tun da na samu injin huda. Siddiƙ ya matso. Ya sa hannu cikin akwatin, kuma cikin duk buntocin nan sai hannunsa ya faɗa kan waccan. Ya juya ta, farin tabon magagari ya fito. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗago ya dube ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Ka gwada ta."

"Ina gwada komai, Yaya. Ko ni aka kawo mini sai na goga."

Ya jira in ƙara wani abu. Ban ƙara ba. Ya mayar da ita, ya rufe akwatin a hankali, ya gyara rawaninsa, ya yi wa Malam Haruna fatan alheri, ya fita. 'Yan uwansa suka bi shi. Uwarku ta fito da tiren abinci ta tarar da tsakar gida babu kowa sai ni da baƙo da awaki.

Na koma kan aikin. Na buga alama a tsakiyar guntun, na fara da 'yar ƙaramar bunta baƙa wadda na fi yarda da ita fiye da wasu dangina, ina ɗiga mai, ina ɗagawa tana numfashi. Na ƙara mai kauri, na ƙara wata, har guntun ya zama kamar ɓawo, na ɓanɓare shi da tsinke. Sannan na kawo 'yan uwa uku. Rabin juyi gaba, ɗan juyi baya don ya karya abin da ya yanka, a bushe, domin zubin ƙarfe ba ya son mai. Malam Haruna yana gefe yana jan salati, duk juyi ɗaya salati ɗaya, ina jin ranar ya tara ladan shekara. Da sabon noti ya shiga ya zauna ba girgiza, sai ya kama hannuna da hannu biyu. Shi ya ci abincin da aka dafa wa Siddiƙ, ni kuwa ban iya ba. Ruwa ya hau a Jabal Awliya, filin ya zauna a hannunsa, da kaka ya aiko mana albasar da ta sa unguwa kuka har wata guda.

Abin da ya biyo baya kun gan shi da idonku, ko da ba ku gane ba. Uwarku ta daɗe tana ba ni shayi ba tare da ta dube ni ba. Dangin Kalakla suka sa mini suna Bajamushe. Siddiƙ bai koma Jidda ba, aka ce wai iyali ne suka riƙe shi, ya kama tuƙin motar haya tsakanin Kalakla da cikin gari. Yana zuwa gidanmu da Salla, ya tsaya a zaure, ya shafa kanku, ya ba ku alewa. In an kawo tire sai ya ce ya ƙoshi. Na bi shi har gida ba sau ɗaya ba, na yi masa duk barkwancin da na sani, ya karɓe ni da mutunci, ya raka ni har bakin titi. Amma hannunsa da nawa ba su sake haɗuwa a kwano ɗaya ba har ya bar duniya. Mutumin da muka yi samartaka tare, wanda shi ya tsaya mini lokacin neman uwarku. Ni kuma na riƙe bakina, ina ganin kaina wani babban waliyyi mai ɗauke da sirrin da ba wanda ya sani.

Bayan an tashi daga zaman makokinsa, wata safiya uwarku tana tsince ƙananan waken nan na adas a tire, na ga lokaci ya yi. Na gyara zama, na yi gyaran murya, na ce Nafisa, akwai abin da na ɓoye miki shekara da shekaru, ki riƙe zuciyarki. Na kwashe labarin Baba Tijani kaf na faɗa mata, ina jira tiren ya faɗi. Ko kai ba ta ɗaga ba.

"Ina cikin raksha a ƙofar shagon," in ji ta. "Ni na kai shi."

Na ce to fushin na mene ne, duk shekarun nan?

"Na ɗauka za ka karya guda ɗaya a kan wani tsohon ƙarfe, ka ce kai ne ka yi ganganci, a wuce wurin. Ban san za a kawo injin bawan Allah ranar ba." Ta jefar da wani ɗan dutse daga cikin adas. "Shi kuma ba don ka ƙi kayansa ya daina cin abincinka ba. Ya gaya mini tun a makon. Ya ce Usman ya sani, ya bari aka zage shi a kaina, bai buɗe baki ba. Ya ce da wane ido zan zauna in ci tuwonsa."

Da za a sake kawo mini injin Malam Haruna gobe, gwangwanina zan jawo, wannan ban taɓa shakka ba. Amma na so a ce na san wannan magana tun yana da rai, da na ɗauki tiren na bi shi Kalakla na zauna masa a ƙofa har sai yunwa ta kama mu tare.

Daga ƙarshe na tambaye ta, cikin duk kayan da ke shagon Baba Tijani, wa ya zaɓi jan akwatin.

"Ni," in ji ta. "Shi ya fi kyau."